Kududdufin Nata'ala

Duk wanda ya zauna Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, a shekarun nan ya san Nata'ala da abu biyu, iya ɗaurin goro da tsoro. In ya shimfiɗa ganyen fita ya jera goro ya ɗaure huhu, sai a kai shi har Kano a kwance a tarar da shi jajir kamar ranar aka wanke shi. Tsoron kuwa ba a magana. Mutum ne da in mota ta yi ƙara a bakin titi sai ka ga yana duban inda ƙofa take. Ba a cika ganin laifinsa ba, don yana tsaye a Mokola shekarar rikicin zaɓe aka watsa wa wani gida fetur aka ƙyasta ashana a kan idonsa, kuma tun daga ranar warin fetur kaɗai ya isa ya firgita shi.

To, sai ga yaƙin basasa. A daminar farko ta yaƙin, rediyo ta ce 'yan tawaye sun iso Ore, Ibadan ta ɗauka. Sojoji suka kwashe manyan motoci daga Ojoo, jirgin ƙasa ya koma ɗaukar masu kaki. Sabo dama tun bara ta rage mutane, waɗanda suka saura kuma ƙasa-ƙasa suke magana. Kullum da sabon labari cewa an kama wani zai zuba guba a ruwan gari, sai dai ƙabilar mutumin takan canja gwargwadon bakin da ya kawo labarin.

Nata'ala yana da daushe ajiye a ɗakin baya, tsohon goro mai kyau da ya kamata a ce tuni ya yi arewa. Da hanya ta toshe, sai sankara ta shiga masa, ƙwaron nan da ke huda goro ya bar shi gari. Wani manomin koko daga Akinyele, wanda suka daɗe suna hulɗa, ya tausaya masa ya kawo masa galan guda na maganin da suke fesa wa koko. Ya ce a ɗiga kaɗan cikin ruwa a wanke kwanduna, ko jikan ƙwaro ba zai saura ba. Nata'ala ya yi godiya, ya tura galan ɗin bayan ƙofa, yana jiran ya sami sukuni.

Sukunin bai zo ba. Washegari da hantsi wani ya shigo unguwa yana haki, wai sojoji na bin gida-gida ana neman makamai. Nata'ala ya jawo galan ɗin ya duba shi a haske, a lokacin ne ya lura da zanen da ke jikinsa, ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a giciye. Ya buɗe murfin, wari irin na kananzir ya doki hancinsa. Bahaushe, lokacin yaƙi, da galan mai ƙoƙon kai a bayan ƙofa, wane bayani zai yi wa soja? Bai tsaya shawara da kowa ba. Ya ɗauka ya zaga bayan gida, inda ya yi shekara da shekaru yana zubar da ruwan wankin goro, ya tuntsurar da shi kakaf. Galan ɗin ya mammatse shi da dutse ya jefa a masai. Sojojin kuma ba su zo ba, ashe tun farko ba su ma yi niyya ba.

Bayan gidan nan ƙasa gangare take yi. Akwai ɗan kwari inda ruwan wanki da na alwala ke taruwa, daga nan in ka ƙara gangarawa jifa guda sai rijiyar Iya Sikira. Bayarbiya ce, tsohuwa mai ƙaton murya, wadda ta fi rabin mutanen Sabo daɗewa a wurin, har Hausa ta kama bakinta. Koko take damawa, wanda su suke kira ogi, kuma da ruwan rijiyar nan take jiƙa masara, da shi take tacewa, da shi take damawa. Layin Yarbawa na sha, Sabo na sha. Zinariya, jikar Nata'ala, wadda ko haƙoran gaba ba ta fara zubarwa ba, ita ce kan fara kai kofi kowace safiya.

Duk wannan bai faɗo masa a rai ba sai da gari ya sake wayewa. Ashatu, matar ɗansa, ta shigo tana cigiyar agwaginta. Ya zaga baya ya tarar da su a bakin kwarin, biyu sun sandare, ta ukun tana makyarkyata, wuyanta ya murɗe baya. Tsutsotsin ƙasa ko'ina sun fito sun mutu a sarari. Ya ɗaga kai, sai idonsa ya sauka a kan Iya Sikira can ƙasa, ta sunkuya tana jan guga.

Ya binne agwagin ya ce wa Ashatu ƙila kare ne. Da magariba ya kasa kunne. Kwaɗin da kan cika wa unguwa kunne duk damina, har ya sha tsine musu, ranar ko ɗaya bai yi kuka ba. Nata'ala ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, ga shi kuwa mutum ne da ya san tsoro kala-kala. In gubar nan ta gangara rijiya, yara za su mutu. In ya buɗe baki ya ce ta gangara, ya san abin da za a ce: Gambari, wato Hausawa, sun zuba guba a ruwa. Ya kuma san Rafi'u, ɗan Iya Sikira, yaron mota ne a tasha, abokansa kuwa irin waɗanda ya gani ne da gwangwanin fetur a Mokola.

Sai ya ƙirƙiro wata dabara, wadda in ba matsoraci ba babu mai tunaninta. Kullum yana idar da sallar asuba sai ya gangara rijiyar, ya ja guga, ya kafa kai ya sha har cikinsa ya yi ƙato, sa'an nan ya zauna a kan dutse yana sauraren jikinsa. A ganinsa, in akwai guba, shi za ta fara kayarwa kafin tsohuwa ta fito ɗiba, mutane su ga gawa su bar rijiyar. Yana zaune yana kalimar shahada, in hanji ya ɗan motsa sai ya ce shi ke nan ta zo. Iya Sikira ta fito ta same shi a haka rana ta farko, ta biyu, har ta gaji. Ta kira shi da sunan ɗansa yadda ta saba, ta gaishe shi da Yarbanci.

"Baba Isiyaka, e karo. Famfon layinku ya ƙafe ne, ko ruwana ya fi zaƙi?"

"Ya fi sanyi ne, Iya," in ji shi, yana murmushin da ko kunci bai kai ba.

Zinariya kuma ya hana ta koko. Ya ce mata masara na sa kumburin ciki. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai tsoho, rowa dai kake ji. Ni na fasa auren." Dama wasansu ke nan, yana kiranta amarya tana kiransa tsoho. Da can sai ya yi dariya ya ce zai ƙara wata. Ranar bai iya ba. Ya kuma san sarai da zarar ya juya baya uwarta za ta miƙa mata kofi.

Isiyaku ne ya gano shi. Shi ne ɗansa guda, haifaffen Sabo, ya yi boko har ya sami aiki a gidan binciken noma da ke bayan gari, a ɗakin da ake gwada ƙasa. Yarbanci a bakinsa ya fi Hausa gudu. Da Ashatu ta gaya masa zancen agwagi, ya ce wane irin kare ne zai kashe agwagwa uku bai ci ko ɗaya ba. Ya zaga baya, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya shinshina. Ya dawo ya sami uban a ɗakin goro, ya jawo ƙofa.

"Baba, wa ya zuba maganin koko a bayan gida?"

Nata'ala ya so ya yi gardama, bakin ya ƙi. Ya ba da labari tun daga sankara har shan ruwan asuba. Isiyaku ya dafe kai.

"Haba Baba. Wannan abin ba haka yake kisa ba. In ya shiga rijiya kaɗan-kaɗan, kai ba za ka faɗi ba. Taruwa yake yi a jiki. Kai ƙato ne, su Zinariya fa?"

"To sai in haƙe ƙasar," in ji Nata'ala da sauri. "In haƙe ta in shanya, in zuba toka da yashi in rufe."

"Ka kai ta ina? Ka bi titi da kwandon ƙasa mai wari, soja na tsaye a Mokola? In ka bar ta a bushe kuma, shekaru za ta yi tana nan yadda take, duk ruwan da ya sauka ya ɗebi nasa ya yi ƙasa da shi. Ruwa za mu tara mata, Baba. Mu mai da wurin taɓo."

Nata'ala ya dubi ɗansa kamar yau ya fara ganinsa. A zuba wa guba ruwa, a saman rijiya? Ya ce, "Isiyaku, ko bokon ne ya taɓa ka?"

Isiyaku ya jawo huhu ya zauna. Ya ce abin da ke sa maganin ya yi ƙarfi ya kuma ƙi ruɓewa wani sinadari ne da ake kira kulorin, dangin wanda ake ji a ruwan famfo, amma a nan an ɗaure shi tam a jikin maganin. A cikin taɓo kuwa, can ƙasa inda iska ba ta kai, akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da ganye da kashin shanu. In suka sami abinci suka yi yawa, sai su dinga ciccire kulorin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, har maganin ya rasa ƙarfinsa.

"Kamar yadda kake jiƙa ɗanyen goro har ɓawon ya yi laushi ya saluɓe," in ji shi. "Ogana ya karanta an ga haka a gonakin shinkafa na wata ƙasa mai nisa. Mun gwada a kwalabe, ƙasar da muka nutsar cikin ruwa ta cinye maganin, busasshiyar tana nan da abinta."

"A kwalabe."

"A kwalabe, Baba. Ban taɓa gani a fili ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Shi ya sa dole a rufe rijiyar tukuna. Yau ɗin nan. In ba za ka iya gaya mata ba ni zan je."

Nata'ala ya daɗe yana kallon tabarma. Ya tuna hayaƙin Mokola, ya tuna agwagwa da wuya a murɗe, kuma duk lokacin da ya tuna agwagwar sai ya ga kofin Zinariya. A ƙarshe ya ce, "Ni na zuba. In za a ƙone wani, kada a fara da kai." Ya ɗauki hularsa ya sa ta a karkace, ya fita.

Ya sami Iya Sikira da la'asar tana tace gasara a tsakar gida. Ya gaishe ta ya sake gaishe ta, har ta ajiye rariya ta ce ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya faɗa, rabi da Hausa rabi da gurguwar Yarbancinsa. Bai ɓoye komai ba. Yana magana yana kallon ƙofar da zai bi in ta yi kururuwa.

"Majele," ta ce a hankali, wato guba. Ta dubi tukwanen da ta jera cike da ruwa. Ta dubi jikanta Lamidi, sa'an Zinariya, yana wasa da murfin kwano a gindin bango. "Shi ya sa kake zuwa sha da asuba."

"Shi ya sa."

"Kwana nawa kana kallo ina dama wa yara?"

Ana cikin haka sai ga Rafi'u ya shigo yana kaɗa mukullin mota a yatsa, ƙato, da jan ƙyalle a wuya. Ya ga Bahaushe tsugune a gaban uwarsa ya tsaya. Ya tambaye ta da Yarbanci me ya faru. Nata'ala ya ji kalmar Gambari a ciki. Tsohuwar ta dubi Nata'ala, ta dubi Rafi'u. Sa'an nan ta ce wa ɗan, kyanwa ce ta faɗa rijiya ta mutu, Baba Isiyaka ne ya gani ya zo faɗi, a samo kwano a rufe bakinta a ɗora dutse. Rafi'u ya yi tsaki ya shige ɗaki.

Da ya wuce, ta sunkuyo ta rage murya. "Ba don kai na yi ba. In wuta ta tashi a Sabo, iska ba ta san gidana ba. Daga gobe kai za ka ɗebo mini ruwa daga famfon titi. Ranar da ɗanka ya ce rijiya ta gyaru kuma, ni zan faɗi yadda za a buɗe ta." Ta tashi ta fara tuntsurar da tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ba ta sake dubansa ba.

Haka aka fara aikin da ya sa Sabo dariya. Isiyaku ya haƙa rami ta ɓangaren gangare ya danƙare shi da yumɓu, suka ja bango na laka suka kewaye kwarin. Suka je kara suka kwaso kashin shanu a amalanke, suka haɗa da ruɓaɓɓen ganyen fita da dusar masarar Iya Sikira, suka tattake, suka cika wurin da ruwa. Sai kuma ruwan sama ya ɗauke, kamar yadda yakan yi a Ibadan a tsakiyar damina. Nata'ala, da furfurarsa, ya zama ɗan garuwa, yana kai wa tsohuwa yana kai wa taɓo, don Isiyaku ya ce in wurin ya bushe iska ta shiga, aikin ya tsaya. Kafaɗunsa suka saluɓe. Goron da ya jawo duk wannan kuwa sankara ta ci rabonta ta ƙoshi, ko leƙa shi bai ƙara yi ba.

Wata rana Rafi'u da abokansa biyu suka hauro suka tsaya a bakin kududdufin suna toshe hanci. Rafi'u ya ce me ake dafawa a nan, kuma me ya sa sai da rijiyarsu ta lalace aka fara shi. Nata'ala yana riƙe da garwa, ruwan ya dinga ɓarewa a ƙafarsa. Isiyaku ya fito yana dariya, ya zuba musu Yarbanci irin na tasha, ya ce tsoho ne ya ji an ce yaƙi zai kawo yunwa, shi ne zai noma shinkafa a bayan gida. Ya ƙara da Turancin tasha, "Una no sabi Baba? Ba ku san shi ba? Inuwarsa ma tsoronta yake." Abokan suka fashe da dariya. Rafi'u bai yi ba. Ya tura ƙafa ya taɓa bangon lakar, ya dubi gangaren har zuwa rijiya, ya dubi Nata'ala, ya juya.

Daga ranar abinci ya daina shiga cikin Nata'ala sosai. Da ya sami sarari sai ya je ya tsuguna a bakin taɓon yana leƙe. Baƙi ne ƙirin, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, nan da can kumfa na tasowa ta fashe. Isiyaku ya ce kumfar nan alama ce halittun suna aiki. Nata'ala ya gyaɗa kai, amma gaskiyar magana bai yarda ba. Ya yarda da mala'iku ya yarda da aljanu, duk bai gan su ba, amma su malamai ne suka faɗa. Waɗannan kuwa yaron da ya yi wa kaciya jiya-jiya ne ya faɗa, shi ma daga kwalba. Duk da haka in ba kowa kusa yakan ƙara musu dusa, har yakan ce, "Ku ci, don Allah, ku ci."

Isiyaku yana da nasa ma'aunin. Yakan zo da kwalabe da tsutsar sauro a ciki, irin wadda ke wutsil-wutsil a tsohuwar randa, don ya ce babu abin da ya fi ta saurin jin maganin. Farkon da ya tsoma lakar kududdufin ya zuba musu, kafin a idar da sallar azahar duk sun nutse sun mutu. Na ruwan rijiya ba su mutu ba, amma Isiyaku ya ce wasu sun yi lakwas, bai ji daɗin ganinsu ba.

Makonni suka shuɗe. Ruwan sama ya dawo, kowace saukarsa Nata'ala na tsaye cikinsa da fartanya yana toshe inda bango ya tsage. Rediyo ta ce an kori 'yan tawaye daga Ore, gari ya ɗan saki jiki, shi bai ma ji ba. Suka yashe rijiyar sau biyu, wai don gashin kyanwa. Tsutsar kwalba ta fara kwana da rai, ta kwana biyu, har wata safiya Isiyaku ya ɗaga kwalbar lakar ya nuna masa sauro ya ƙyanƙyashe yana neman hanyar fita. Da magaribar wani yammaci kuma kwaɗo guda ya yi kuka a bayan gida, da muryarsa mara daɗi. Nata'ala ya ajiye buta ya saurara, sai ga hawaye.

Isiyaku ya ƙara jan lokaci, ya ɗebi laka daga can ƙasa da ruwan rijiya ya kai wurin aikinsu ya sake gwadawa. Da ya dawo ya ce, "Baba, iyakar abin da zan iya aunawa, babu. A gaya wa Iya."

"Iyakar abin da za ka iya aunawa," in ji Nata'ala. "Wanda ba za ka iya ba fa?"

"Wannan sai Allah."

Iya Sikira ta sa ranar Juma'a da safe. Ta aiko cewa su zo su duka, har da matar Isiyaku da yarinyar. Nata'ala ya zaci addu'a za a yi. Suka tarar an ɗauke dutse an ɗage kwano, Rafi'u na jingine da bango ya harɗe hannuwa, Lamidi na riƙe da zanin kakarsa. Tsohuwar ta zura guga da kanta, ta jawo, ta cika kofin silba har baki. Ruwan garau yake, ana ganin gindin kofin. Nata'ala ya matso ya miƙa hannu biyu, don ya daɗe da shirya wa wannan.

Ta janye kofin. "Kai ka sha naka tun tuni, Baba Isiyaka. Ɗanka ya ce a jikin yara ake ganewa." Ta juya ta sunkuya. "Zinariya, wa. Zo ki sha."

Ashatu, da ba ta san komai ba, ta tura yarinyar gaba tana murmushi. Isiyaku ya buɗe baki ya rufe, fuskarsa ta yi fari, duk kwalaben nan ba su hana ba. Kalma ɗaya ta ishi Nata'ala. In ya ce a'a, Zinariya ba za ta sha ba, amma Rafi'u na tsaye, zai tambayi wace irin kyanwa ce ake tsoro bayan yasa biyu. Kuma ko babu Rafi'u, tsohuwar na kallonsa, ta san cewa ruwan da ya hana jikarsa shi ne yake so ta buɗe wa nata. Ya waiwaya sama, wajen kududdufin da ke can yana wari, cike da abin da bai taɓa gani ba. Duk abin da ya mallaka yanzu yana hannun waɗannan da ya yi ta ba dusa.

Zinariya ta tsaya da kofi a hannu tana dubansa, don ta tuna shi ne mai hana ta. "Tsoho, in sha?"

Nata'ala ya ce, "Yi bismilla, amarya."

Ta kafa kai. Yana kallon maƙogwaronta na hawa yana sauka, kowane kurɓi yana jinsa a nasa cikin. Ta sha rabi ta sauke, ta goge baki da bayan hannu, ta yamutsa fuska ta ce warin igiya yake yi. Iya Sikira ba ta jira ko numfashi guda ba. Ta karɓi kofin, ta ɗora shi a bakin Lamidi, ta riƙe masa ƙeya har ya shanye sauran. Sai a lokacin Nata'ala ya ga ashe ita ma a tsorace take, ruwa na zuba a ƙirjin yaron.

Rafi'u ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk wannan a kan kyanwa, ya kaɗa mukullinsa ya fita. Yaran biyu suka ruga bin wata kaza. Nata'ala ya bar dutsen da yakan zauna a kai da asuba, ya zauna a ƙasa cikin jiƙa. Tsohuwar ta zo ta zauna a kan dutsen. Ba a dama koko ba ranar, masu kofi suka zo suka koma, su biyun suna nan a bakin rijiya suna bin yaran da ido, in ɗaya ya yi tuntuɓe su zabura tare, har rana ta take tsaka aka kira sallar Juma'a.